Daga kasuwar PK5 zuwa Kogin Ubangi: Yadda ake zaɓen zaren fatsa don kifin roba na saman ruwa

Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ba ta da teku. Tashar da ake sauke mata yawancin kayanta ita ce ta Duwala a Kamaru, kuma daga can zuwa Bangui tafiyar kimanin kilomita 1,400 ce a mota, ta Garoua-Boulaï da Beloko da Bouar. Duk da haka, wanda ya zaga rumfunan kayan ƙarfe da na tarkace a kasuwar PK5 zai riƙa cin karo jefi-jefi da ledojin kayan fatsa masu hoton kifayen teku, waɗanda babu ko ɗayansu a Kogin Ubangi. A cikin ledojin akwai kifin roba mai ƙyalli, da ƙugiyoyi masu baki uku, da kwarkwaron zare kala-kala.

Matasanmu sun fara sayen waɗannan kaya, musamman kifin roba mai yawo a saman ruwa, saboda babu fatsar da ta kai tasa daɗin kallo: kana gani da idonka kifi zai taso ya fasa ruwa ya cafke. Matsalar ita ce, da yawa sukan dawo gida da sanda da zare kawai, kifin robar ya tafi tun a jifa na farko ko na biyu. Kuɗin da aka tara aka saye shi kuwa ba ƙaramin kuɗi ba ne ga mai neman na cefane. Na shafe shekaru ina zuwa bakin kogin nan da sandar fatsa, kuma abin da na lura shi ne, kusan duk asarar a wuri ɗaya take faruwa, wato ɗan guntun zaren nan na ƙarshe da ke tsakanin dogon zare da kifin roba. Masu shago suna kiransa “bas de ligne” da Faransanci. Ni a nan zan kira shi wuyan zare.

Kasuwa a tudu, kifi a gangare

Ga wanda bai san garin ba, sunan PK5 ya samo asali ne daga nisan unguwar da tsakiyar birni: kilomita biyar daga inda ake fara ƙidaya, wato PK0, kusa da bakin kogi. A nan babbar kasuwar Bangui take, a nan kuma babban masallacin da Fafaroma Francis ya ziyarta ranar 30 ga Nuwamba, 2015 yake. Hausawa da Fulani da Barebari da Larabawan Chadi da mutanen Mali da Senegal sun daɗe suna kasuwanci a wurin. Rikicin da ya ɓarke a Disamban 2013 ya mayar da unguwar tamkar kurkuku na tsawon lokaci, har ta kai fita zuwa bakin ruwa sai wanda ya shirya ɗaukar kasada.

Su kuwa masu kogin, wato Sango da Yakoma da Banziri, su ne suka gaji kwalekwale da koma tun kaka da kakanni. Ƙabilar Sango ɗin nan ce ma ta ba harshen ƙasa sunansa. Masunci yana buƙatar zare da ƙugiya daga hannun ɗan kasuwa, ɗan kasuwa kuma yana buƙatar kifi a tukunyar gidansa. Wannan cinikayya tana cikin abubuwan da suka sake haɗa mutane bayan ƙura ta lafa. Shi ya sa ma nake ganin sayar wa mutum zaren da bai dace da ruwansa ba ya wuce batun ciniki kawai, ya shafi amana.

Kogin da kansa iyaka ne. Ƙetarensa garin Zongo ne na Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango. A daidai Bangui ruwan yana ratsa duwatsu da ƙarfi, kuma wannan gangaren mai duwatsu shi ne dalilin da Faransawa suka kafa sansaninsu a wurin a 1889, don a nan manyan jirage ke tsayawa. Mai fatsa ya riƙe wannan a ransa: inda kifi ya fi taruwa, nan dutse ya fi yawa.

Wane kifi ake nema?

Kafin a yi maganar zare, sai an san bakin da zai cije shi. Kifi biyu ne suke sa mutum ya sayi kifin roba a Ubangi.

Na farko shi ne tsage. Duk wanda ya taso a bakin Kogin Kwara ko Binuwai ko Tafkin Chadi ya san shi: jiki fari mai ratsi, jela ja-ja, haƙora a waje kamar na zarto. Sai dai a ruwayen yankin Kwango, har da Ubangi, akwai babban yayansa wanda ake kira mbenga. Wannan yana iya kai tsawon mita ɗaya da rabi da nauyin kusan kilo 50, yana da haƙora 32 masu shiga tsakanin juna idan ya rufe baki. Mafi girman da ƙungiyar masu fatsa ta duniya, IGFA, ta rubuta a kundinta mai kilo 44 ne, wanda aka kama a Kogin Kwango kusa da Kinshasa a 1988. Saboda shi ne wasu masu fatsa daga Turai da Afirka ta Kudu suke biyan maƙudan kuɗi su zo Kogin Chinko a gabashin ƙasar nan.

Tsage mafaraucin saman ruwa ne na gaske. A 2014 masu bincike a Afirka ta Kudu sun wallafa rahoton yadda suka ga tsage yana tsalle daga cikin wani dam yana cafke tsattsewa tana cikin tashi. Kifin da ke iya kama tsuntsu a iska, ai kifin roba mai fantsama a saman ruwa ba zai wuce shi ba.

Na biyu shi ne giwan ruwa, wanda mutanen Bangui ke kira “capitaine”, shi ne kuma ake gasawa a gidajen abinci na bakin kogi. Bahaushe ya san girmansa daga gasar Argungu, inda a 2005 aka ci gasar da kifi mai kilo 75. Giwan ruwa ba shi da haƙoran yanka. Haƙoransa ƙanana ne masu kaushi kamar sanfefa, amma murfin kumatunsa yana da kaifi, kuma da ya ji ƙugiya sai ya nufi ƙarƙashin dutse ko kututturen itace. Yawanci a zurfi yake, sai da asuba ko da almuru yake matsowa wuri marar zurfi yana bin ƙananan kifaye irin su kawara.

Ke nan ɗaya yana yanke zare da haƙori, ɗaya yana goge shi a jikin dutse. Wuyan zaren da ya yi maganin wannan ba lallai ya yi maganin wancan ba.

Me ya sa nauyin zare ke da muhimmanci?

Kifin roba na saman ruwa iri biyu ne suka fi yawa. Akwai mai baki kamar cokali, wanda idan ka fizgi sanda yakan yi ƙara ya watsa ruwa. Akwai kuma mai siffar sigari, wanda ke tafiya hagu da dama kamar kifin da ya ji rauni. Kamfanin Heddon na Amurka ne ya yi suna da wannan na biyun tun 1939. Shi kuwa sunan Rapala da ake gani a ledoji, na gaske da na jabu, sunan wani masunci ne ɗan ƙasar Finland, Lauri Rapala, wanda ya sassaƙa kifinsa na farko da hannu a 1936.

Dukkansu an auna su ne yadda za su kwanta a saman ruwa kai ya ɗan ɗaga, jela ta ɗan nutse. A wannan kwanciyar rawarsu take. Da zarar wani abu mai nauyi ya ja hancin ƙasa, shi ke nan rawa ta ƙare: mai cokali ya daina watsa ruwa, mai sigari ya koma tafiya a miƙe kamar kara. Abin da ya fi saurin jan hancin kuwa shi ne zaren da aka ɗaura masa. To a nan ne bambancin zare da zare ke fitowa.

Zare iri uku

Nailan shi ne wanda kowa ya sani, wanda ake kira “crin” a kasuwa. Kamfanin DuPont ne ya ƙirƙiro sinadarin a 1935, amma sai wajen ƙarshen shekarun 1950 aka samu mai laushin da masu fatsa suka karɓa hannu bibbiyu. Idan aka ce nauyin ruwa 1 ne, na nailan kusan 1.14 ne, don haka a hankali yake nutsewa, sau da yawa ma yakan tsaya a fatar ruwa. Yana miƙewa kamar roba, har ya kai kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na tsawonsa kafin ya tsinke. Wannan miƙewar tana shanye fizgar kifi, amma tana rage ƙarfin kafa ƙugiya idan jifan ya yi nisa. Yana da araha, yana karɓar ƙulli, yana jure goga a dutse gwargwado. Babban makiyinsa rana ce.

Fulorokabon kamanninsa ɗaya da nailan a ido, amma ya fi shi tauri da tsada. Kamfanin Kureha na Japan ne ya fara fitar da shi a matsayin zaren fatsa a 1971, da sunan Seaguar. Ana yabonsa saboda kifi ba ya saurin ganinsa a ruwa mai haske, kuma ba ya shan ruwa. Amma nauyinsa 1.78 ne, kusan ninki biyu na ruwa. Nutsewa yake yi, ya ja hancin kifin roba tare da shi. Ga mai koto a ƙasan ruwa alheri ne, ga mai wasa a sama kuwa matsala ce.

Na uku shi ne kitsattsen zare, wanda Faransawa ke ce wa “tresse”. Siraran zaruruwa huɗu ko takwas ake kitsawa wuri ɗaya, na wani sinadari da ake sayarwa da sunan Dyneema ko Spectra, kuma a farkon shekarun 1990 ya yaɗu a hannun masu fatsa. Nauyinsa 0.97 ne, wato yana yawo a saman ruwa. Kusan ba ya miƙewa, ga shi siriri ƙwarai idan aka kwatanta da ƙarfinsa, don haka yana kai jifa nesa. Bakin tsage ƙashi ne zalla, ƙugiya ba ta shiga sai da ƙarfi, kuma zaren da ba ya miƙewa ne ke isar da ƙarfin hannunka kai tsaye. Rauninsa shi ne dutse. Idan yana a ɗaure tamau ya taɓa kaifin dutse, tsinkewa yake yi nan take, ba gargaɗi.

Akwai gargaɗi ɗaya da ya zama dole. Wanda ba shi da injin naɗi, yana naɗe zarensa ne a gwangwani ko katako yana ja da hannu, kada ya kusanci kitsattsen zare. Idan babban kifi ya fizga, yanka yatsa yake yi kamar reza. Mai fatsar hannu ya tsaya a kan nailan mai kauri.

Dokar bakin teku da haƙorin tsage

Shawarar da ke rubuce a bayan ledoji, da wadda matasa ke ji a bidiyon wayoyinsu, yawancinta daga masu fatsa a gaɓar tekun Amurka take, musamman Florida, inda ruwa ke da haske kuma ba zurfi. Dokarsu a taƙaice ita ce: dogon zare ya zama kitsattse mai ɗaukar fam 10 zuwa 20, wuyan zare ya zama nailan mai fam 20 zuwa 30, tsawonsa kamar kamu ɗaya da rabi. Suna guje wa fulorokabon a kan kifin roba na sama saboda nutsewar da na faɗa. Suna kuma da wani dalili na sa wuya: kitsattsen zare laushi gare shi, idan aka ɗaura shi kai tsaye yakan harɗe ƙugiyar gaba yayin da kifin roba ke juyawa, nailan kuwa taurinsa yana ture shi gefe.

Rabin wannan doka daidai ne ko a Ubangi. Kitsattsen zare a baya, nailan a gaba, babu fulorokabon. Ɗaya rabin ne ke cin kuɗin mutane. Kifayen da suke nema a can ba su da haƙoran tsage. Ko a bakin tekun Afirka, a Kiribi ko a gaɓar Gabon, mai neman barakuda ya san nailan mai fam 30 ba ya tsayawa a bakinta. Tsage kuma sau da yawa daga gefe yake kawo hari, ya haɗa da kan kifin roba, haƙoransa su sauka daidai kan zare. Ba za ka ji wani nauyi ba. Zare ne kawai zai dawo maka sakwa-sakwa.

Wata rana a Ouango, unguwar masunta da ke gabashin birni, na nuna wa wani dattijo irin wuyan da ake sayarwa a leda, nailan siriri mai ɗan maɗauri a baki. Na ce masa, “Baba, wannan zai riƙe mbenga?” Kalmar baba ɗaya ce a Hausa da Sango, don haka ba ta buƙatar tafinta. Bai ce komai ba, ya sa zaren a bakinsa ya datse da haƙori, ya miƙo mini guntaye biyu. Sannan ya ce, “Ɗana, ni da sauran haƙora kaɗan na yanke shi.”

Saboda haka waya dole ce. Amma waya ƙarfe ce, ta fi fulorokabon nauyi nesa ba kusa ba. Ga tsaka mai wuya ke nan: ba waya, tsage ya tafi da kifin roba, waya ta yi yawa, kifin roba ya daina rawa, tsage ya ƙi kula shi.

Mafitar da nake bi, wadda na ga masu fatsar tsage a wasu ƙasashe ma suna bi, ita ce a raba zaren gida uku. Dogon zare kitsattse mai ɗaukar kilo 14 zuwa 23, wato abin da aka rubuta fam 30 zuwa 50. Sai nailan mai kauri 60/100 zuwa 80/100, tsawon mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, wanda zai sha gogar dutse ya kuma shanye fizga. Sai waya a ƙarshe, gajeriya, taƙi ɗaya, wato santimita 15 zuwa 25. Ga tsage na yau da kullum, mai kilo 2 zuwa 5, waya mai ɗaukar kilo 15 zuwa 18 ta wadatar. Wanda ya nufi mbenga da gaske sai ya ninka ƙarfin komai, ya kuma zaɓi babban kifin roba wanda zai iya ɗaukar nauyin wayar.

Wayar ma iri-iri ce. Akwai sili ɗaya, wadda ta fi siranta da rashin nauyi, amma da ta lanƙwashe sau ɗaya ta zama abin zubarwa, don a nan za ta karye. Akwai murɗaɗɗiya mai sili bakwai da rigar roba, mai laushi da sauƙin ɗauri. Akwai ta titaniyom wadda ba ta lanƙwashewa, sai dai samunta a Bangui sai an yi saƙo. Na ga matasa suna warware wayar birkin keke ko ta kulocin babur suna cire sili biyu ko uku su murɗa. Tana aiki, ba laifi, amma tsatsa take yi da wuri, don haka a sauya ta duk fita.

Idan kuwa giwan ruwa ake nema a wurin da tsage bai cika zuwa ba, a cire wayar gaba ɗaya, a ƙara kaurin nailan zuwa 90/100 ko 100/100. Kifin roba zai fi sakewa, nailan ɗin kuma zai jure kaifin kumatu da dutse.

Gwajin baho da na jarka

Ba sai an je kogi ake gane an yi daidai ba. A cika baho da ruwa, a ɗaura wa kifin roba wayarsa da duk ƙarafunan da za a sa masa, a ajiye shi a ciki. Idan hancinsa yana sama kamar yadda yake ba waya, madalla. Idan ya sunkuya, a rage tsawon wayar, ko a cire ɗan ƙarfe mai juyawa da maɗaurin da ke bakinta. Waɗannan ƙananan ƙarafunan su ne suka fi ɓata rawa, kuma na arahar cikinsu su ne ke buɗewa idan kifi ya ja. Idan dole sai an sa mai juyawa, a sa baƙi ƙarami a mahaɗar waya da nailan. Mai ƙyalli yana jawo wani tsagen ya kai masa cizo, ya yanke zaren daga sama.

Gwaji na biyu na ƙarfi ne. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ke nan jarka mai lita 10 kilo 10 ce, mai lita 20 kilo 20. A ɗaura dukkan haɗin, tun daga kitsattsen zare har waya, a naɗe ɗaya bakin a sanda, a ɗaga jarkar a hankali. Inda ya tsinke, nan ne raunin. Sau tara cikin goma a ƙulli ne.

Shi ya sa ƙulli ya cancanci a zauna a koye shi kamar karatu. Tsakanin kitsattsen zare da nailan, ƙullin FG ya fi siranta da ƙarfi, amma yana son natsuwa. Wanda bai iya ba ya yi ƙullin Albright, wanda kuma shi ne ya dace tsakanin nailan da waya mai laushi. Waya sili ɗaya ba a ƙulla ta, murɗa ta ake yi a jikinta. A bakin kifin roba a bar ɗan zobe, kada a matse, don kan ya samu damar juyawa. Kuma kowane ƙulli na nailan a jiƙa shi kafin a ja, saboda zafin goga yana ƙona shi tun bai shiga ruwa ba.

Sai birkin injin naɗi. Ƙa'idar da masu fatsa suka daɗe a kai ita ce a saita shi ya fara sakin zare a kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na ƙarfin zaren. Mai zare na kilo 15 ya saita a kilo 4 zuwa 5. Wanda ya ɗaure birki tamau, ko wayar jirgi ya sa, ƙugiya za ta miƙe ko sanda ta karye.

Rani daban, damina daban

Ubangi kogi biyu ne a shekara. Daga Fabrairu zuwa Afrilu ruwa yakan ja baya sosai, duwatsu da tsibiran yashi su fito, ruwan ya ɗan washe. Wannan ne lokacin kifin roba na sama, don ƙananan kifaye sun taru a ƴan wurare, manyan kuma suna jiransu a ƙasan gangare. A wannan lokaci dutse ne babban abokin gaba, kifi kuma yana gani da kyau. Don haka a tsawaita nailan, a gajarta waya, a zaɓi marar ƙyalli. Bayan kowane kifi, ko kowace maƙalewa, a bi nailan ɗin da yatsa. In an ji kaushi, a yanke a sake.

A Oktoba da Nuwamba kuwa kogin yana cika ya yi jajir, ya ɗauko itatuwa da ciyayi. Wanda ya ga ambaliyar Oktoban 2019, wadda ta raba dubban mutanen Bangui da gidajensu, ya san ba ruwan wasa ba ne. A irin wannan ruwa kifi ba ya ganin zare, don haka kauri ba ya hana cizo, amma kifin roba na sama ba ya cika aiki sai a bakin ƙananan rafuka da wuraren da ruwa ya kwanta, kamar wajen mahaɗar M'Poko. Lokacin ne masu mamari da masu koto ke cin kasuwarsu da tarwaɗa.

Abin dubawa kafin a biya kuɗi

A kasuwarmu an fi auna nailan da kauri, irin na Faransawa: 35/100, 50/100, 80/100, wato kashi kaza cikin ɗari na milimita. Wannan lambar ta fi lambar ƙarfi gaskiya, domin kauri ana iya gani, ƙarfi kuwa kowa na iya buga abin da ya ga dama a takarda. Idan an rubuta fam, a raba biyu a ɗan rage, shi ne kilo: fam 30 kilo 13.6 ne.

A duba inda aka ajiye kwarkwaron. Wanda ke rataye a bakin rumfa rana na dukansa wata da watanni ya riga ya mutu, ko da sabo ne a leda. Alamarsa ita ce ya yi fari-fari kamar an barbaɗa masa alli, kuma idan aka warware sai ya tsaya a nannaɗe. A roƙi mai shago ya ɗauko na cikin kwali. Na taɓa tambayar wani mai rumfa, “Alhaji, me ya sa kake rataye shi a rana?” Ya ce, “To Malam, in ban rataye ba wa zai san ina da shi?” Gaskiyarsa ce ta ɗan kasuwa. Maganin shi ne a rataye ɗaya don talla, a sayar da na inuwa.

Kitsattsen zare kuma jabunsa ya fi na gaskensa yawa. A murza shi tsakanin yatsu: idan launi ya zauna a hannu, ko ya baje kamar tsumma, a ajiye shi. Wanda kuɗinsa bai kai na mai kyau ba, gara ya cika injinsa da nailan 40/100 ko 45/100 mai kyau ya sa masa waya a baki. Zai rasa ɗan nisan jifa, amma ba zai rasa kifin robarsa ba. In ma kuɗin na abu ɗaya ne kawai, a fara sayen waya da ƙugiya mai kaifi, sauran su biyo baya.

Abu na ƙarshe, guntayen da aka yanke kada a jefa su a kogi. Nailan yana ɗaukar shekaru aru-aru bai ruɓe ba, yana harɗe ƙafar tsuntsu da farfelar injin kwalekwale da komar masunci. A zuba su a aljihu a kawo gida. Mu da muke zuwa da sanda ranar hutu baƙi ne a ruwan nan. Akwai waɗanda kuɗin makarantar ƴaƴansu daga cikinsa yake fitowa, kuma su ne za su nuna maka inda kada yake da inda dorina take kwana, muddin ka yi sallama ka tambaya. Allah Ya ba kowa sa'a, Ya dawo da mu gida lafiya.